Albashi Ya Ƙaru, Mudu Ya Ragu

Matashin da ya fito daga masallacin Juma'a na Fagge ya nufi kasuwar Sabon Gari, in ya ji dattijo yana cewa "a da Naira ɗari kuɗi ce", sai ya ɗauka surutun tsufa ne. To ba surutu ba ne. Tsofaffin jaridu suna nan, daga Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, har zuwa Albishir da Alfijir na kamfanin Triumph a nan Kano. Duk ɗan uwan da ya zauna ya bi su a natse, zai ga yadda azzalumai suka daɗe suna yi wa talaka wasa da hankali.

A 1981, zamanin Shagari, mafi ƙarancin albashi Naira 125 ne. A 1982 litar fetur kwabo 20 ce. Wato ma'aikacin da ya fi kowa ƙanƙanta, albashinsa na wata zai sayi lita 625. A 1991 Babangida ya mayar da albashin Naira 250, aka yi ta yi masa kirari wai ya ninka. Amma a shekarar lita ta koma kwabo 70, kuɗin ba zai sayi ko lita 360 ba. A watan Yulin 2024 aka sa hannu kan Naira 70,000, kafin shekarar ta ƙare lita ta haura Naira 1,000. Lita 70 ke nan, ko ƙasa da haka. Ina ƙarin yake?

Me ya faru a tsakani? A ƙarshen 1985 gwamnatin soja ta ce ta ji kukan jama'a, ba za ta karɓi bashin IMF ba. Shekara ba ta zagayo ba sai ga SAP, wanda sharuɗɗan IMF ɗin ne aka sauya wa riga. A watan Satumban 1986 aka fara gwanjon Naira. Nairar da a 1980 ta fi Dalar Amurka daraja, sai ga ta a Wapa ana ɗaukar ta dami-dami. Wannan shi ne abin da tsarin riba yake haifarwa: a ciwo bashi da sunan al'umma, mahukunta su wawashe, raunana su biya da cikinsu.

Amma akwai abin da ya fi wannan ciwo. Samari nawa ne a Fagge suke karɓar albashi? Tela, ɗan dako a Kantin Kwari, mai tura baro a Singa, yaron shago a Sabon Gari, babu wanda aka taɓa yi wa ƙari a cikinsu. Lokacin Udoji, da aka biya ma'aikata ariyas a 1975, kowa ya ruga sayen babur da rediyo, 'yan kasuwa kuwa suka ɗaga farashin komai. Mai albashi ya samu ƙari da tsada, marar albashi ya samu tsadar ita kaɗai. Haka ake maimaitawa duk lokacin da aka ce an yi ƙari.

Kada kuma wani ya ga jaridar kwabo ɗaya ya ce ai zamanin Turawa ya fi. Kwabon nan da gumi ake samun sa, ga haraji da jangali, ga diban mutane na dole zuwa haƙar kuza a Jos daga 1942 zuwa 1944. Dagutu dagutu ne, ko da wace fata ya zo.

Su ma 'yan kasuwarmu ba su fita ba. Wanda ya tsaya a sahun gaba a masallaci, sannan ya koma rumfa ya ɓoye shinkafa da sukari yana jiran su yi tsada, ko ya buge gindin mudu don ya rage awo, ya sani ba IMF ce ta sa shi ba. Magidancin da ya zo gabansa da kuɗin tiya guda, da rabi zai koma wa iyalinsa.