Kalmar Da Ke Jikin Kalandar Biki



Watan jiya na je bikin 'yar ƙanwar babata a Ƙauran Namoda. An raba kalanda da robobi, kowanne da hoton ango da amarya, a ƙasa an rubuta "Happy Married Life". Kakarmu ta juya kalandar ta ce, "Ke 'yar boko, mi anka rubuta nan?" Na ce fatan farin ciki ne ake wa amarya. Ta dubi ƙuryar ɗaki inda yarinyar ke ta shessheƙa tun safe, ta ce, "To, Allah shi sa."

Wallahi abin ya tsaya mini a rai, har na buɗe ƙamus. Ashe asalin happy ba farin ciki ba ne. Tushenta hap, wato sa'a, abin da ya faɗo wa mutum ba shiri. Turawan Ingila ma aro suka yi daga yaren mayaƙan teku na Nowe da Denmak, waɗanda suka mamaye wani ɓangaren ƙasarsu a ƙarni na 9. Da kalmar ta bayyana a rubuce a ƙarni na 14, mai sa'a take nufi. Larabci ma kusan haka ne, Sa'adatu da Sa'idu da Mas'udu duk daga kalmar sa'a da dacewa suka fito.

Mu kuwa Hausawa a ciki muka ajiye namu, ko ya yi fari ko ya yi baƙi. Ni dai namu ya fi mini, don ba a tambayar 'yan biki, mai cikin ake tambaya. Ita ƙanwar tawa ba wanda ya tambaye ta. Tana aji biyar na sakandare aka tsayar da rana, angon ma sau biyu ta taɓa ganinsa.

Shinkafi aka kai ta. Tun kafin la'asar muka tashi saboda tsoron 'yan bindiga, ba guɗa ba waƙa, kowa na ta addu'a har muka wuce Moriki ta ƙasar Zurmi. Ranar kam na ga hap irin ta mutanen da, sa'ar isa lafiya.

Da za mu juyo ta riƙe mini mayafi ta cikin lulluɓi, muryarta can ƙasa ta ce, "Yaya, littattafaina na cikin akwatin Inna. Don Allah ki aje min, kar yara su yaga."