A Horar da Ma'aikatan Lafiyar Ƙwaƙwalwa Kan Kula da Yara Masu Galahanga

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai albarka, domin in jawo hankalin mahukunta da masana zuwa ga wani al'amari wanda, ko da yake ba a cika tada shi a majalisu ba, ya daɗe yana ci wa gidaje da yawa tuwo a ƙwarya, wato halin da yara masu galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, suke shiga idan aka kai su asibiti.

Tun 1943 Dakta Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya siffanta wannan lalura a kan yara 11, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa tana shafar kimanin yaro 1 cikin 100. Alamominta kan bayyana kafin yaro ya cika shekara uku: a kira sunansa bai waiwayo ba alhali kunnensa lafiya lau, ba ya haɗa ido, ba ya nuni da yatsa, magana ta yi jinkiri, ya wuni yana jera murafen kwalabe, in an taɓa ɗaya sai kuka. Iyaye da yawa, saboda an ce musu shafar aljanu ce ko sammu, sukan gama zagayen masu magani kafin su iso asibiti a gajiye, aljihu ya bushe, zuciya ta karaya.

To, abin da ke ɓata rai shi ne irin tarbar da sukan samu. Na ga uwa a barandar wani asibiti ta rungume ɗanta cikin cunkoso, janareta na ruri, yaron ya toshe kunnuwa da tafukansa yana buga kai a bango. Aka kira maza biyu suka danne shi, aka yi masa allurar barci, sa'an nan aka yi wa uwar faɗa wai ta gaza a tarbiyya. Ban ɗauki wannan mugunta ba, rashin sani ne, domin da an karantar da ma'aikatan asibitin, da sun san cewa ƙara da haske da taɓi suna yi wa irin wannan yaro zafin da ba sa yi mana, sai su shigar da shi ɗaki mai shiru, su yi masa gajerun kalmomi, su nuna masa abin awon ƙirji kafin a ɗora masa, su bar masa abin da ya saba riƙewa, su kuma tambayi uwar, wadda ta fi kowa sanin abin da ke kwantar masa da hankali. Da sun san kuma cewa yaron da ba ya magana yana iya bayyana ciwon haƙori ko na kunne ta hanyar ihu da cizo, cewa farfaɗiya takan zo tare da wannan lalura, kuma cewa babu ƙwayar da ke warkar da ita, sai dai koyarwa da haƙuri tun yana ƙarami, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Alhamdu lillahi, hanya a share take. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP, wanda aka tsara musamman domin ma'aikatan da ba ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa ba, kuma tana da wani shiri na koya wa iyaye dabarun wasa da magana da 'ya'yansu. A Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin ta 1958. Kafin duk wannan ma, a 1954, Farfesa Adeoye Lambo ya nuna a Aro ta Abeokuta cewa jinya ta fi albarka idan aka sa dangi a cikinta.

Shawarata ita ce, a shigar da wannan darasi cikin manhajar makarantun nas-nas da na ma'aikatan lafiyar karkara, tare da aiki na zahiri a gaban yara. A mai da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da Kware, da Maiduguri cibiyoyin horaswa, su riƙa aika malamai zuwa ɗakunan shan magani inda mata ke kai jarirai rigakafi, tun da can ne za a fara ganin alamu. A shirya darussan da Hausa. A kuma gayyaci limamai, domin su ne iyaye ke fara tuntuɓa, kuma addu'a da neman magani ba sa karo.

Malamanmu sun karantar da mu cewa ilimin likitanci farilla ce ta kifaya, wadda in an rasa masu tsayuwa da ita, zunubi ya hau kan al'umma baki ɗaya. Waɗannan yara amana ce da za a tambaye mu a kanta, saboda haka ina kira ga kwamishinonin lafiya su ware wa wannan horo kasonsa a kasafin kuɗi mai zuwa. Allah Ya ba mu ikon sauke nauyi, amin.

Wassalam.

Naka,
Wani mai karanta jaridarka,
Zariya