Rautar Gida Amana Ce A Wuyan Maigida

Tun daga shekarar 2015, sa'ad da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kacokan a kan kwamfuta, magidanta da yawa waɗanda a dā suke ɗaukar wannan na'ura kayan alatu suka fahimci cewa ta zama lalura, har ya kasance a gidaje da dama na Kano da Zariya da Katsina za ka tarar da kwamfuta guda ko biyu, iyaye da 'ya'ya suna karɓa-karɓa a kansu, ga kuma wayoyin hannu kusan adadin mutanen gidan. Da yake saya wa kowa data daban hasara ce bayyananniya, musamman bayan da hukumar NCC ta yarje wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗi na kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, sai hankali ya karkata ga 'yar na'urar nan da ake kira rauta, wadda ake sa mata layi guda, ita kuwa ta watsa intanet cikin gida duka ba tare da igiya ba. Dabara ce mai kyau, ina kuwa goyon bayanta. Abin da yake damuna shi ne yadda galibin magidanta suke biyan kuɗinta, sa'an nan su sallama al'amarinta ga wani yaro, ɗan gida ko mai shago, ba tare da sun san abin da ya ƙulla a cikinta ba.

Magabatanmu sun gina gida da katanga da zaure domin kada baƙo ya isa ga iyali sai da sallama da izini, bisa ladabin da Suratun Nur ta koyar. Amma saƙon Wi-Fi bai san katanga ba, yana ƙetare ta ya fita har titi, kuma babu abin da yake tsaye a matsayin zaure face kalmar sirri. Kalmomin kuwa biyu ne, ko da yake mutane da yawa guda kaɗai suka sani. Akwai wadda ake shiga Wi-Fi da ita, akwai kuma wadda ake buɗe shafin sarrafa rautar kanta. Wanda ya kife na'urarsa zai ga 'yar takarda manne a gindinta, an rubuta lamba irin 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, sau da yawa kuma sunan shiga da kalmar sirrin duka "admin" ne, kamar yadda suke a dubban irinta da aka fitar daga masana'anta ɗaya. Kada a raina wannan sakaci, gama a shekarar 2016 muguwar manhajar nan mai suna Mirai ba da wata hikima mai zurfi ta mamaye dubban ɗaruruwan rautoci da kyamarori ba, sai da gwada irin waɗannan kalmomi na masana'anta, aka kuma yi amfani da na'urorin bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba wajen durƙusar da manyan shafuka irin su Twitter da Netflix a Amurka cikin watan Oktoba na waccan shekara.

Saboda haka wajibi ne maigida ya zauna da kansa ranar da aka kawo na'urar, ko da ɗansa ne zai riƙa danna masa, ya canza kalmomin nan biyu, ya rubuta su ya adana inda yake adana takardun gida. A wurin zaɓen tsaro ya nemi WPA2, wanda ya fito a 2004, ko WPA3 na 2018 idan rautar tana da shi, ya guji WEP, wanda masana suka tona rauninsa tun 2001, ya kuma kashe WPS, wanda aka bayyana aibinsa a ƙarshen 2011. Kalmar sirrin Wi-Fi ba ta karɓuwa ƙasa da haruffa takwas, amma takwas ɗin mafi ƙaranci ne, kuma lambar wayar maigida ko sunan ɗan fari ba sirri ba ne a unguwa. Hujjata mafi ƙarfi a nan ita ce, tun da gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN a ƙarshen 2020, layin da yake cikin rauta yana ɗauke da sunan mutum guda, kuma idan wani ya laɓe bayan katanga ya yi damfara ta kansa, ƙofar mai sunan za a fara ƙwanƙwasawa.

Sai batun wurin ajiyewa, wanda ake ɗauka ƙaramin abu ne alhali yana taɓa adalci. Bangon siminti da na ƙasa mai kauri, da ƙofofin ƙarfe, suna raunana saƙon ƙwarai, zangon 5 GHz kuwa, duk da saurinsa, ya fi na 2.4 GHz saurin gajiya a bango. Idan maigida ya kulle rauta a turakarsa, to ɗakin da yake kusa zai wadata, na can ƙurya ya rasa, kuma a gidan da yake da mace fiye da ɗaya ba sai na faɗi abin da wannan zai haifar ba. A ɗora ta a wuri mai tsayi a tsakiyar gida, a haɗa mata ɗan batir saboda ɗaukewar wuta, tun da abin da take ci bai taka kara ya karya ba.

Kwamfutar da ake tarayya a kanta, ita kuma, a falo ya kamata ta zauna, inda mai wucewa zai ga fuskarta, kowane mutum da nasa asusun shiga, asusun da yake da ikon sa manhaja ko cire ta yana hannun babba. Na fifita wannan a kan bin diddigin yara a ɓoye, domin shari'a ta yi hani ga tajassusi, kuma yaron da ya gane ana leƙensa ɓuya zai koya, ba kamun kai ba. Amma wanda aka gaya masa a fili cewa ana kashe Wi-Fi bayan sallar Isha da sa'a ɗaya, aka kuma bayyana masa dalili, ya san dokar gidansu, ya kuma san ba a zarge shi ba.

Akwai masu cewa kulle Wi-Fi rowa ce ga maƙwabci, alhali haƙƙin maƙwabtaka babba ne a addini. Ban musa girman haƙƙin ba, sai dai kyauta daban, sakaci daban. Rautoci da yawa suna da sashen baƙi, wato Wi-Fi na biyu mai kalmar sirrinsa, wanda yake ba da intanet amma ba ya barin baƙo ya kai ga kwamfutocin gida da hotuna da takardun da suke cikinsu. Wanda yake son taimakon ɗalibin maƙwabcinsa mai shirin JAMB sai ya buɗe masa wannan sashe, ya gaya masa iyakar datar da zai iya ɗauke masa a wata, idan an gama jarrabawa kuma ya canza kalmar.