Jan Maɓalli da Wayar Hannu

A shekarata ta ƙarshe a jami'a na halarci wani bajen kolin fasaha, inda wani ɗan ajinmu ya tara jama'a. Ya haɗa injin yanka ƙarfe da tsohuwar kwamfuta, ya haɗa kwamfutar da wayarsa, sannan ya koma can ƙarshen zaure yana ba injin umarni da ɗan yatsa. Aka yi ta tafi. Can sai bakin injin ya ciji maƙalin da ya riƙe ƙarfen, ƙara ta cika zauren. Ya danna tsayawa a fuskar waya, injin bai ji ba. Ya sake dannawa. Sai da wani dattijon ma'aikaci ya ruga ya fizge filogi daga bango. Babu wanda ya ji ciwo, aka ce sabis ne ya yi ƙasa, aka mai da abin raha. Ni har yau ban ga abin dariya ba.

Kada mai karatu ya ɗauka ina gaba da wannan fasaha. Ɗan Yelwa ne ni, na tashi ina ganin yadda jirgin ruwa kan kwana biyar a bakin gaɓa saboda wani ɗan ƙarfe da bai kai tafin hannu ba ya karye a injinsa, sai an aika Kano ko Anaca. Haka mai injin casar shinkafa a Shanga, haka mai injin ban ruwa a fadamun Ngaski. Manhajar da ɗan ajinmu ya yi amfani da ita, LinuxCNC, za ta iya rage wannan wahala. Asalinta daga hukumar ma'aunai da fasaha ta Amurka, NIST, a shekarun 1990, daga baya masu sa kai suka ci gaba da rainonta. Kyauta ce, kuma kowa na iya buɗe cikinta ya gyara. Da ita tsohuwar kwamfuta za ta ja injin fiƙe ƙarfe ko na yanka faranti, ta fitar da abu ɗaya sau ɗari ba tare da na farko ya saɓa da na ƙarshe ba. Ina fatan ganin ranar da za a yanka haƙarƙarin jirgi da irin wannan inji a Yauri.

Rigimata da tsarana ce, mu da muka fito da digiri muna ganin duk abin da ya koma cikin waya ya ci gaba. Inji mai iya cire hannun mutum bai kamata tsayuwarsa ta rataya a kan manhaja ba, balle a kan sabis. Dole ne ya kasance da jan maɓalli mai faɗi a jikinsa, wanda wayar tagulla ta haɗa kai tsaye da makunnin da ke ba motoci wuta, ta yadda ko kwamfutar ta daskare, mari ɗaya zai kashe komai.

Lissafin ba shi da wuya. Bakin injin da ke juyi 3,000 a minti yana juyi 50 a daƙiƙa ɗaya. Idan saƙon tsayawa ya makara da daƙiƙa biyu tsakanin waya da kwamfuta, bakin ya juya sau 100, kuma hannun riga ba ya buƙatar ko goma kafin ya ja mai shi. Ita kanta LinuxCNC an gina ta ne a kan tsoron jinkiri: bisa al'ada tana duba matsayin motoci sau 1,000 a daƙiƙa, shi ya sa take neman Linux na musamman mai cika alkawarin lokaci. Intanet kuwa bai taɓa yi wa kowa irin wannan alkawari ba. Duk wanda ya taɓa neman kiran gida daga tsakiyar tafki ya san abin da nake nufi. Mu ƙara da cewa ɗaya daga cikin ƙofofin da manhajar ta tanada don umarni daga nesa tana aika saƙo ne a fili, ba a lulluɓe ba. Wanda ya buɗe ta ga duniya ya bar mabuɗin shagonsa a bakin titi. Masu manhajar ma ba su ɓoye ba, sun gargaɗi mai amfani da kada ya dogara da manhaja kaɗai wajen tsaron rai, kuma lasisinta ya ce babu lamuni. In yatsa ya tafi, babu kamfanin da za a kai ƙara.

An riga an biya kuɗin wannan darasi a wani wuri. Tsakanin 1985 da 1987, wata na'urar gashin ciwon daji mai suna Therac-25 ta zuba wa marasa lafiya shida haske fiye da kima a Amurka da Kanada, wasu daga cikinsu suka mutu. Na'urorin da suka gabace ta suna da makaran ƙarfe da lantarki da ke hana hakan ko da manhaja ta yi kuskure. A sabuwar sai aka cire su, aka ce manhaja ta wadatar. Ƙwararru ne suka yi wannan, a ƙasashen da wuta ba ta ƙiftawa.

Mu kuwa fa? Madatsar Kainji da aka kammala a 1968 ta tashi dubban iyayenmu daga garuruwansu da tsibiransu domin ƙasa ta sami lantarki, amma har gobe mai walda a bakin tafkin da janareta yake kwana. Wuta takan ɗauke ana tsakiyar aiki, yaron shago ya sa hannu yana share ɓarɓashin ƙarfe, sai ta dawo ba sallama. Makunni mai maganaɗisu, wanda ke saki da zarar wuta ta tafi kuma ba ya kamawa sai mutum ya danna da hannunsa, shi ne tsakanin wannan yaro da asibiti. Akwai kuma wata hikima a yadda ake ɗaura jan maɓalli: wuta na bi ta cikinsa ne kullum, dannawa ce ke yanke ta. Saboda haka ko ɓera ne ya ci wayar, injin tsayawa zai yi. Lalacewarsa ma kariya ce. Lalacewar waya kuwa shiru ce, injin ya ci gaba da abin da yake yi.

Za a ce mini ai nisa ma kariya ne, wanda ke zaune can gefe tartsatsi ba ya samunsa. Gaskiya ne, kuma ban hana a aika zane daga nesa ba, ko a kalli yadda aiki ke tafiya ta waya. Amma oga ne ke nesa. Yaron da ke ɗaura ƙarfe yana nan kusa, kuma yanzu injin da ke gabansa yana karɓar umarni daga wanda ba ya ganinsa. An kare mai waya, an sayar da marar waya. Tayar da inji hakkin wanda ke tsaye a gabansa ne.

Za a kuma ce tsada. Wannan ce hujjar da ta fi ba ni haushi, domin maɓallin da makunnin da 'yan mitocin waya ba su kai kuɗin wayar da ake taƙama da ita ba. Abin da ya rage musu daraja a idonmu shi ne ba a tafa musu a bajen koli.

Mun san ƙarshen irin wannan rowa. A ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgin da ya taso daga Jihar Neja zuwa Wara da mutum fiye da 150 ya tarwatse a ruwa, ƙalilan ne suka tsira. Rahotanni sun yi maganar lodi fiye da kima. Aka yi ta'aziyya, aka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yi imani da ƙaddara, amma addinin da ya koya mini ita shi ne ya ce in ɗaure raƙumina. Rigar ruwa da jan maɓalli dangin juna ne: masu araha, marasa ado, ba a tuna su sai ranar da babu su. Al'ummar da ta saba hawa jirgi ba riga ita ce za ta karɓi sabon inji ba maɓalli, in ba a tare ta tun yanzu ba, tun injunan ba su cika garejinmu ba.

Shi ya sa nake kira ga ƙungiyoyin masu walda da makanikai na Yauri da Ngaski da Shanga da su sa wannan cikin sharuɗɗan yaye yaro. Malaman injiniya a Aliero da Birnin Kebbi su ƙi sa hannu a kan aikin ɗalibin da injinsa ba shi da shi. Alƙalan bajen koli kuma, kafin su duba kyawun abin da ke fuskar waya, su ce wa mai inji ya tayar da shi, sannan ɗayansu ya zare wayar da ta haɗa shi da kwamfuta, a ga ko zai tsaya.