Hoto Ya Yi Kyau, To Ina Labarin?

'Yan uwa marubuta, wannan makon zancen fim za mu yi. A 2014 jarumin finafinan Amurka Ryan Gosling ya kai Lost River bikin finafinai na Cannes a Faransa. Shi ne fim ɗinsa na farko a kujerar darakta, kuma shi ya rubuta abinsa da kansa. Masu sharhi suka yi masa ca. Wasunsu sun wuce gona da iri, amma a ganina ba su yi masa ƙage ba.

Ƙashin bayan labarin mai ƙwari ne. Billy uwa ce mai 'ya'ya biyu, bashin banki ya sha mata kai, gidanta na shirin suɓuce mata. Babban ɗanta Bones yana bin kangaye yana ɓalle tagulla ya sayar. A Detroit aka ɗauki fim ɗin, birnin da hukumarsa ta ayyana karayar arziki a 2013, unguwanni da yawa sun koma kufai. Duk marubucin da aka miƙa wa wannan, kakarsa ta yanke saƙa.

To me Gosling ya yi da shi? Gidaje na ci da wuta cikin dare. Fitilun titi na leƙowa daga ruwan da ya shanye wani gari. Ga gidan rawa mai jan haske inda ake wasa da jinin ƙarya. Benoît Debie ne ya riƙe kyamara, kuma wallahi duk inda ka tsayar da fim ɗin, hoton ya isa a rataya a falo. Sai dai kafin a kai rabi, bashin da ya kama zuciyar mai kallo ya koma gefe, an shiga zancen wata la'ana da ba za ta karye ba sai an ciro wani abu daga ƙarƙashin ruwa. Ka zo don ka ji yadda uwa za ta ƙare da banki, an sallame ka da tatsuniyar da ba a ɗaure bakinta ba.

Dalilin, a nawa hasashen, ba nisa gare shi ba. Gosling ya fito a Drive a 2011 da Only God Forgives a 2013, duk na Nicolas Winding Refn, gwanin haske da launi. Jarumi a wurin ɗauka fitila yake gani da kyamara. Gumin da aka sha a kan takarda, goge nan, sake can, an gama shi watanni kafin a kira shi. Abin da ya gani shi ya kwaso.

Dubi Ben Affleck, shi ma jarumi ne. Da zai fara ba da umarni a 2007 da Gone Baby Gone, littafin Dennis Lehane ya ɗauko, kuma su biyu suka zauna da Aaron Stockard suka mayar da shi fim. Gosling kuwa shi kaɗai ya yi kiɗansa ya yi rawarsa, kuma da wuya a sami mai ce wa tauraro irinsa, "Malam, wannan shafin bai yi ba." Shekara goma bayan Cannes bai sake ba da umarnin wani dogon fim ba.