A Riƙa Shawartar Iyaye Kafin A Sauya Wa Yara Hanyar Makaranta

Idan ana maganar ilimin yara, abubuwan da aka fi ambata su ne malami da aji da allo da littafi. Ba safai akan tuna da hanyar da yaro yake bi daga ƙofar gidansu zuwa ƙofar makaranta ba, alhali kuwa komai kyan aji, ba ya amfanar yaron da bai iso ba. A ƙasar Amurka, hukumomin ilimi na gundumomi su ke samar da motocin ɗaukar ɗalibai, kuma idan za a rage kasafin kuɗi ko a soke zirga-zirgar wata mota, akan yi zaman hukumar a bainar jama'a, iyaye su zo su faɗi albarkacin bakinsu. A ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum na Jihar Zamfara kuwa, yawancin ɗalibai da ƙafa suke zuwa, wasu da keke, wasu a kan kabu-kabu, da damina ma wani sai ya shiga kwalekwale. Ɗawainiyar wannan tafiya duk a wuyan iyaye take. Don haka ya wajaba a ji ta bakinsu kafin a yanke duk wata shawara da za ta tsawaita hanyar ko ta ƙara mata tsada.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta shekarar 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne, kuma tilas ne. Ta tanadi hukunci a kan uban da ya ƙi kai ɗansa makaranta: gargaɗi a karo na farko, tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya a karo na biyu, sannan tarar naira 5,000 ko ɗaurin wata biyu idan ya sake. Cikin abubuwan da ta ce a bayar kyauta akwai littattafai da kayan koyarwa da azuzuwa da kujeru da abincin rana, amma ba ta ambaci sufuri ba. Wato doka ta tilasta wa uba ya kai yaro, ta kuma bar masa kuɗin kaiwar. Wanda aka ɗora wa irin wannan nauyi yana da haƙƙin a tambaye shi kafin a ƙara masa wani a kai.

Abubuwan da suka faru a 'yan shekarun nan sun nuna yadda ake sauya wa yaro hanya ba tare da an taɓa jin ra'ayin iyayensa ba. A ranar 26 ga Fabrairu, 2021, 'yan bindiga suka sace ɗalibai mata 279 daga makarantar sakandaren 'yan mata ta Jangebe, a ƙaramar hukumar Talata Mafara, sai gwamnatin jiha ta rufe makarantun kwana. A ranar 1 ga Satumba na wannan shekara aka sake kwashe ɗalibai 73 a makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya, a ƙaramar hukumar Maradun, aka rufe makarantun jihar baki ɗaya, aka kuma taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da man fetur. Babu mai musun cewa ceton rai shi ne kan gaba. To amma yarinyar ƙauye da aka rufe wa makarantar kwana, ɗakin kwanan nan shi ne ya raba ta da tafiyar kullum. Da zarar an ce ta koma jeka-ka-dawo, sai tambaya ta taso: wa zai kai ta, da me, ta wace hanya? Amsar wannan tambaya a gida ake ba da ita, kuma sau da yawa amsar ita ce ta zauna.

Bayan matsalar tsaro sai ga ta kuɗi. A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki litar mai ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500, kafin ƙarshen shekarar 2024 kuma ta haura naira 1,000. Kuɗin kabu-kabu ya bi sahu. A ƙaddara cewa manomi a wani ƙauye na Bukkuyum yana da 'ya'ya uku a sakandare, kowanne yana bukatar naira 500 a rana don zuwa da dawowa. A kwana ashirin na karatu, kuɗin ya kama naira 30,000, daidai da mafi ƙarancin albashin da gwamnatin tarayya ta tsayar a shekarar 2019. Irin wannan uba ba zai rubuta takardar koke ba. Zai zaɓi wanda zai ci gaba da wanda zai tsaya, kuma galibi 'ya mace ce ke tsayawa. Malami ba zai san an yanke wannan hukunci ba sai ya ga gurbi a rajista.

Haka abin yake idan hukuma ta gaza sauke nata nauyin. Shekaru da dama hukumomin jarrabawa na WAEC da NECO suka riƙe sakamakon ɗaliban Zamfara saboda bashin da suke bin jihar, har sai da gwamnatin Dauda Lawal, wadda ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a shekarar 2023, ta biya. Iyaye da yawa ba su san da bashin ba sai da 'ya'yansu suka je karɓar sakamako. Da an sanar da su da wuri, da mai hali ya nemi mafita, marar hali kuma ya san inda zai kai kukansa.

Akwai masu ganin cewa shawartar iyaye ɓata lokaci ne, domin harkar tsaro tana bukatar gaggawa da sirri, kuma yawancin iyayen karkara ba su san kasafin kuɗi ba. Uzurin farko karɓaɓɓe ne a daren da aka kai hari. Amma shawarar inda za a mayar da ɗalibai, da lokacin da za a sake buɗewa, da makarantun da za a haɗe, watanni take ɗauka, kuma babu sirrin da zai hana a zauna da iyaye a kanta. Uzuri na biyu kuwa raini ne. Mutumin da ke lissafin iri da taki da 'yan ƙodago kowace damina ba zai kasa gane lissafin alli da rufin aji ba, muddin an karanta masa da Hausa. Bugu da ƙari, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Uba ne ya san hanyar da ake tarewa, da rafin da ba ya ƙetaruwa a watan Agusta, da ranar kasuwar da ababen hawa ke yawa. Hatsarin kwalekwale da ya ci rayukan manoma da dama a Gummi a watan Satumba na 2024 ya isa nuni ga abin da ƙetare gulbi da damina yake nufi.

Ba sai an ƙirƙiro sabon zaure ba. Tun a tsakiyar shekarun 2000 Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince a kafa kwamitin gudanarwa na al'umma a kowace makaranta, wanda aka fi sani da SBMC, ya haɗa da hedimasta da wakilan malamai da iyaye da mata da ɗalibai da sarakuna da malaman addini. Ga kuma ƙungiyar iyaye da malamai. Illar da ke akwai ita ce, a wurare da yawa ba a kiran taro sai za a karɓi kuɗi, har iyaye suka ɗauki takardar gayyata tamkar takardar haraji. Shi ya sa suke gudu.

A nan ne aikin malami yake. Ya dace sabon malami ya san garin da kowane ɗalibinsa yake fitowa da abin da yake hawa, ya rubuta a ajiye. Idan yaro ya yi kwana uku bai zo ba, ya binciki dalili kafin ya ɗauki bulala. Ya kamata a sa taro a lokacin da manomi zai iya zuwa, kamar bayan sallar Juma'a, a kuma ware wa iyaye mata nasu zaman. A karanta abin da ya shigo makaranta da abin da ya fita a fili. Daga irin wannan zama ne ake samun dabaru masu sauƙi: yara su riƙa tafiya a ayari tare da wani babba, a ɗan jinkirta lokacin shiga aji da damina, iyayen unguwa ɗaya su haɗa kuɗin abin hawa, ko a nema wa 'yan nesa masauki a gidajen amintattu a cikin gari. Abin da ya fi ƙarfin kwamiti kuma a rubuta shi, mai gari ya sa hannu, a miƙa wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma.

Daga ƙarshe, gwamnati ke da ikon rufe makaranta da buɗe ta, amma uba da uwa ke yanke hukuncin ko yaro zai fita gida da safe. Hausawa na cewa da ɗan gari akan ci gari. Duk tsarin da aka yi wa makarantun Anka da Gummi da Bukkuyum ba tare da iyaye ba, zai ƙare ne a takarda, azuzuwa kuma su ci gaba da raguwa.