Hoton Allo: Sunan da Ya Kamata Mu Raɗa wa Abin da Ake Ciniki da Shi a Mile 12

Hausawa kan ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wannan ne ya sa nake son mu waiwayi tsohuwar na'ura mai ƙwaƙwalwa, irin ta kan tebur mai ƙaton allo, wadda ta cika shagunan buga takardu na Mile 12 da Agege a shekarun 2000, domin kuwa akwai darasin da ta koyar wanda wayar hannu take neman mantar da mu.

Manhajar Windows XP ta fito a shekarar 2001, kuma kamfanin Microsoft bai daina kula da ita ba sai a watan Afrilu na 2014. A kanta, wanda yake son ɗaukar hoton abin da ke kan allo sai ya danna maɓallin Print Screen, ko ya haɗa shi da Alt idan tagar da yake aiki a ciki kaɗai yake bukata. Ba zai ga komai ya faru ba, saboda hoton yana ɓoye a ma'ajiyar wucin gadi. Dole ya buɗe Paint, ya danna Ctrl da V, sannan ya adana. Sai da Windows 8 ta zo a 2012 aka samu haɗin maɓallan da ke adana hoton kai tsaye.

To, ga inda darasin yake. Shi wannan Paint wurin zane ne, akwai magogi a ciki, akwai alƙalami. Duk wanda ya bi ta wannan hanya ya gani da idonsa cewa kafin a adana hoto ana iya goge lamba a rubuta wata. Ke nan tun ranar farko ya san hoton allo abu ne da hannun mutum ke iya taɓawa.

Yanzu mu dubi kasuwar Mile 12 da ke ƙaramar hukumar Kosofe a Legas, inda motocin tumatir da tattasai da albasa daga Arewa suke sauke kaya. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 ciniki da yawa ya koma ta tura kuɗi a waya. Mai saye ya nuna hoto ya ce ya tura, dillali ya saki kwanduna, alhali manomin da ke Kadawa ko Ɗanja yana can yana jiran kuɗinsa. Idan hoton na bogi ne, asarar a kansa take ƙarewa.

A nawa ra'ayin, a nan ne aikinmu ya shigo. Ina jin mutane suna kiran wannan abu "rasit" ko "shaida", wasu kuma su ari kalmar Turanci yadda take. Sunaye biyun farko suna ba shi darajar da ba shi da ita, aron kuma bai gaya wa dattijon da bai yi boko ba komai. Ni ina ganin mu tsaya a kan "hoton allo". Duk Bahaushe ya san allo, ya kuma san hoton rago ba ya yin layya. Sunan da kansa gargaɗi ne: hoto ka gani, je ka duba asusunka.

Wani zai ce ai hoton allo ya yi wa Hausa rana. Gaskiya ne. A wancan zamani baƙaƙe masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, sukan rikiɗe su zama akwatuna idan aka kai rubutu na'urar da ba ta da irin harafin da aka buga shi da shi. Hoto ne kan tsare su, kada "ƙasa" ta koma "kasa", ko "ɓari" ya koma "bari". Amma fa wannan maganin dole ne. Rubutun da ke cikin hoto yana da wuyar gyarawa da bincikawa, kuma tunda na'urorin yau suna karɓar ƙugiya, ɗalibin da ya tura aikinsa a hoto ba shi da uzuri.

Saboda haka ina kira ga malamanmu na sashen Hausa da su sanya wannan kalma cikin darasin fassara da ƙirƙirar kalmomi, mu kuma mu riƙa amfani da ita a rubuce-rubucenmu da hirarrakinmu. 'Yan uwa da ke zuwa hutu Legas su kai ta bakin iyayenmu 'yan kasuwa, su nuna musu a aikace yadda ake sauya lamba a hoto, domin gani ya kori ji.

Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu da harshenmu, amin.